Hunhuna da laimar kwaɗi ƴan gida ɗaya ne: a kula da buhun gujiya

Idan damina ta kankama, duk wanda ya bi ta bakin jibji da sassafe yakan tarar da laimar kwaɗi ta tsiro cikin dare ɗaya. Lokacin ne kuma ƴan kasuwa ke kukan hunhuna ta kama masu burodi, masara da gujiya. Jama'a, waɗannan biyun dangi ɗaya ne, kuma sanin haka zai amfani mai saye da mai sayarwa.

Dukansu ba ciyawa ba ne. Ba su da koren ganye, abin da suka zauna a kai shi suke ci. Da wata ƙura mai laushi suke yaɗuwa, iska ta ɗauke ta, inda ta samu danshi da ɗumi sai ta tsiro. Laimar da muke gani a sama kai ne kawai, ainihin jikin wasu siraran zaruruwa ne da suka bazu cikin ƙasa. Haka hunhuna take. Ɗan koren da kika gani a bisa burodi ko tumatir, zarensa ya riga ya shige ciki, don haka kankarewa ba ta raba ki da shi.

Cikin dangin akwai masu amfani. Yis ɗin da ke kumbura burodi nasu ne, kuma daga wata hunhuna Alexander Fleming ya gano maganin penisilin a Landan a 1928. Amma wadda ke kama gujiya da masara tana iya zuba wata guba da ake kira aflatoksin. A 1960 talo-talo kusan 100.000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya mai wannan guba. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara. Dahuwa da suya ba su kashe ta, kuma idan ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana jawo kansar hanta.

To, mene ne abin yi? A shanya gujiya a bisa tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau kafin a ɗura ta a buhu. A ɗora buhuna a bisa katako, nesa da bango, a ɗakin da iska ke ratsawa. A tsince ƙwayar da ta yamushe, ta canza launi ko ta yi ɗaci, a zubar.

Ƴan uwana mata masu ƙuli-ƙuli, kada arha ta ja ku ga ragowar tsince, don ƴaƴanmu ne ke cin abin da kuka soya. Kada kuma a ba shanu da awaki, gubar tana bi ta nono ta dawo mana cikin hura. Asarar tiya ɗaya ta fi sauƙi a kan jinyar hanta.