Wayar Hannu a Ajin Tarihi

A da, ɗalibin tarihi ba shi da wata hujja sai littafin da aka ba shi da abin da malami ya rubuta a allo. Takardun asali suna jibge a Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda sai masu bincike ke leƙawa. Wannan nisa ne intanet ta rage. Tun 2004 Laburaren Birtaniya ke ɗaukar nauyin ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen da ke neman lalacewa, a sa su a intanet kyauta, a 2022 kuma Google ya fitar da dubban shafukan littattafan Tambutu. Malamin da ke koyar da cin Kano da Sakkwato da Turawa suka yi a 1903 yana iya buɗe wa aji rahoton jagoransu Lugga, ya jera shi da abin da dattawa suka riƙe na hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi, sannan ya tambayi yara: wa ya rubuta wannan, domin wa, me ya tsallake?

Masu sukar shigo da waya aji na cewa Facebook da WhatsApp sun cika da ƙarya, kuma da gaskiyarsu. Sau da yawa akan yaɗa hoton wani dattijo mai rawani a ce Shehu Ɗan Fodiyo ne, alhali ya rasu a 1817, tun ba a ƙirƙiro kyamara ba. To amma yaran nan suna ganin hotunan ko malami ya so ko ya ƙi. Gara a kawo su aji a bi diddiginsu da Google Lens, a gano inda suka fara fitowa. Yaron da ya ji yadda malaman hadisi ke tantance isnadi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kukan rashin wuta da tsadar data ya fi nauyi. Duk da haka, waya ɗaya ta isa aji: malami ya sauke takarda a gari, ya buga, ya raba. Da wayar kuma ɗalibai za su naɗi muryar tsohon maƙeri ko marokin fada a unguwarsu. Babban giɓin shi ne na malamai, domin Najeriya ta cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, kuma ko da aka dawo da shi, makarantu da yawa malamin wani fanni suka ɗora wa darasin.