Lakwaja: Sunayen da Ba a Tsayawa a Karanta

A Lakwaja, inda Kwara ta haɗu da Binuwai, akwai dutsen tunawa da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, manyan bindigogi girke a gefensa. Motoci da 'yan acaɓa na wucewa ta gabansa dare da rana, da wuya ka ga wanda ya tsaya.

Sunayen da aka zana a jikinsa na dakarun rundunar Najeriya ne, waɗanda suka gwabza da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan aka kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki a lokacin.

Garin kansa kundin tarihi ne. A nan Gwamna Lugga ya karɓi ragamar Arewa daga hannun kamfanin Turawa ranar 1 ga Janairu, 1900. Nan kuma aka riƙa kai sarakunan da aka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ma a can ƙasa ta rufe idonsa.

Matafiyin da ya bi hanyar Abuja zuwa Kudu, ya daure ya ratse ya kai wa sojojin da sarakunan ziyara.