Gumin da ke bayan wasannin bidiyo

Da yawanmu mun san Call of Duty, amma ba kasafai muke tunanin waɗanda suka haɗa shi ba. Babban wasa guda yakan ɗauki shekaru, yana cin gumin ɗaruruwan mutane: masu zane, masu rubuta manhaja, masu sa murya, da masu gwaji, waɗanda ke wuni suna buga wasan don farauto kurakuransa.

Babban abin da ma'aikatan ke kuka da shi shi ne lokacin matsi. Kamfani ya riga ya sanar da ranar fitar da wasa, aiki kuwa bai ƙare ba, sai a riƙa tsare su har dare, har Asabar da Lahadi, wani lokaci watanni a jere. A 2005 kamfanin Electronic Arts na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 15.6 ga masu zanensa da suka kai shi ƙara kan kuɗin ƙarin lokaci.

Sai kuma sallama. A 2018 kamfanin Telltale Games ya kori fiye da mutum 200 a rana guda ba tare da kuɗin sallama ba. A Janairun 2024 Microsoft ya rage mutum 1,900 daga sashensa na wasanni.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ma'aikatan suka fara haɗa kai. Bayan an sallami wasu abokan aikinsu, masu gwaji a Raven Software, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke aikin Call of Duty, sun kaɗa ƙuri'a a watan Mayun 2022. Mutum 19 suka amince da kafa ƙungiyar ƙwadago, 3 suka ƙi. Ita ce ta farko a wani babban kamfanin wasanni a Amurka. A Yulin 2024 masu sa murya suka tsunduma yajin aiki na kusan shekara guda, har aka amince cewa sai da izininsu za a kwaikwayi muryoyinsu da ƙirƙirarriyar basira.

Ɗalibai, a cikinmu akwai masu burin shiga wannan sana'a, kuma buri ne mai kyau. Amma duk ranar da aka miƙo mana takardar ɗaukar aiki, mu karanta ta da kyau kafin mu sa hannu. Awa nawa ne aikin? Ana biyan ƙarin lokaci? Idan wasan ya fita, aikinmu na nan?