Filayen Wasan Golf a Kan Hanyar Matafiyi Daga Gusau

Hakimai da malamansu na ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu mutane ne masu yawan tafiya. Yau taro a Kaduna, gobe gaisuwa a Kano, jibi a kira su Abuja. A irin wannan tafiya akan gamu da wani babban ma'aikaci ko attajiri wanda zai ce, "Ranka ya daɗe, gobe da sassafe mu sadu a filin golf." Da yawa sukan kawo hanzari su zame, domin ba su san abin da za su tarar a can ba. Sau da yawa kuwa maganar rijiya ko makaranta da aka yi wata uku ana bi a ofis, a filin nan ake samun kunnen mai ita. Saboda haka aka ga ya kyautu a bayyana wasan a taƙaice, a kuma nuna filayen da ke kan hanyarmu.

Yadda wasan yake

Golf, wanda waɗansu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na buga 'yar ƙwallo fara mai tauri, wadda ba ta kai ƙwan kaza girma ba, da sanda mai kan ƙarfe, har a jefa ta cikin rami. Faɗin bakin ramin inci 4 da kwata ne. Cikakken fili yana da ramuka 18, ƙarami kuwa 9, sai a zaga shi sau biyu. Tsakanin wurin bugun farko da rami akwai tazarar yadi 100 da 'yan kai har zuwa yadi 500 ko fiye, a tsakani kuma an bar itatuwa da kududdufai da ramukan yashi da gangan don su wahalar da mai wasa. Wanda ya gama ramukan duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ana ƙaddara wa gwani bugu 70 zuwa 72 a fili mai ramuka 18. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanduna fiye da 14 ba.

Akwai wata dabara da ta sa wasan ya dace da dattawa, watau rangwame. Kowane ɗan wasa yana da lamba gwargwadon iyawarsa, a ƙarshe sai a debe wannan lamba daga jimlar bugunsa. Ta haka ɗan koyo mai shekara 60 yana iya karawa da gwani matashi, har ya kayar da shi, ba kuwa wanda zai ce an yi masa alfarma.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotlan ne. A shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi, gama samari sun bar koyon harbin baka sun koma bin ƙwallo. A 1744 aka fara rubuta dokokinsa, a 1764 kuma filin St Andrews ya tsaya a kan ramuka 18, sauran duniya ta bi. Ma'aikatan mulkin Turawa da 'yan kasuwa da masu haƙar kuza su ne suka kawo shi Arewa, shi ya sa tsofaffin filayenmu suke a unguwannin da Turawa suka zauna.

Zariya da Kaduna

Wanda ya tashi daga Gusau ya wuce dutsen Kwatarkwashi, ya bar 'Yandoto da Tsafe a baya, ya ratsa Funtuwa, filin farko da zai tarar shi ne na Zariya, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Yana cikin tsohuwar unguwar Turawa. A ganina nan ya fi dacewa ɗan koyo ya fara, gama ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba kuma cinkoson manyan baƙi da zai sa mutum jin kunya in ya kai bugu ya sari iska. Kowa ya taɓa sarar iska a ranarsa ta farko, har da waɗanda ke dariya.

Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa a shekarun nan, kada sha'awar wasa ta sa kowa ya yi sammako cikin duhu ko ya yi dare a hanya. A tafi da rana, a kwana Zariya, a yi wasa da safe.

Daga Zariya zuwa Kaduna kamar kilomita 80 ne. Kulob ɗin golf na Kaduna an kafa shi a 1921, 'yan shekaru kaɗan bayan da aka mai da garin hedkwatar Arewa. Ramukansa 18 ne, yana tsakiyar gari, har titin da ke gefensa ya ci sunansa. Idan hakimi zai san fili ɗaya kaɗai, to ya san wannan, domin a nan ne tsofaffin ma'aikata da hafsoshin soja da suka yi ritaya suke taruwa, kuma yawancin tarurrukan da ake kiran sarakuna a Kaduna ake yinsu.

Kano da Jos da Abuja

Filin Kano yana cikin mafiya tsufa a ƙasar nan, yana wajen ganuwa, kusa da kulob ɗin Kano. Da rani ƙasarsa takan bushe ƙayau, ƙwallo ta yi ta gangarawa bayan ta faɗi, har mai rauni ya ɗauka ƙarfinsa ne.

Amma in ana maganar daɗin wasa, Jos ce gaba. Filin Rayfield an buɗe shi a 1913, zamanin da kamfanonin kuza ke tashe. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan ƙafa 4,000, saboda haka a watan Afrilu, sa'ad da rana ke gasa mutum a Gusau tun da hantsi, a Jos ana iya zaga fili ba a jigata ba. Iskar tudu kuma ba ta da kauri kamar ta ƙasa, ƙwallo takan yi nisa kaɗan fiye da yadda aka saba. Wanda zai je da hunturu ya riƙe rigar sanyi mai kauri.

Filin IBB na Abuja, wanda aka buɗe a 1991, shi ne sabo a cikinsu, shi ne kuma ya fi ƙawa: ciyawa kore shar, da tafkuna da gadoji, ga dutsen Aso yana kallon mutum. Yana da hawa da gangara masu gajiyarwa, kuɗinsa kuma ya fi na sauran. Baƙo ya fi samun sauƙi in ɗan kulob ne ya gayyace shi. Ƙwallon da ta faɗa ruwa a bar ta, akwai kada.

Ramin yashi da ramin ciyawa

A ƙasashen Turai kewayen kowane rami ciyawa ce mai laushi da ake aske ta kullum. A Arewa ruwa bai isa a yi haka ba, sai magabata suka yi dabarar cuɗa yashi da baƙin mai, su shimfiɗa, su daddaɓe. Kafin a buga, wani yakan ja tabarma ko buhu daga ƙwallo zuwa rami don ya share sawu. A da filayen Nijeriya kusan duka haka suke, har da na Ikoyi a Legas, inda Sandy Lyle ya ci babbar gasar Nijeriya a 1978, Vijay Singh kuma a 1988, wanda daga baya, a 2004, ya zama na ɗaya a duniya. Yanzu waɗansu kulob-kulob sun haƙa rijiyoyin burtsatse sun koma ciyawa. Matafiyi ya tambaya tun kafin ya je, gama ƙwallo tana gudu a kan ciyawa fiye da a kan yashi, wanda ya saba da ɗaya sai ya yi ta wuce rami a ɗayan.

Abin da malamin hakimi zai shirya

Malam ya aika wa sakataren kulob tun da kwana ɗaya ko biyu, ya tambayi kuɗin baƙo da lokacin farawa, da ko akwai gasa a ranar. Ba lalle a sayi sanduna ba, ana samun aro ko haya. Zagayen ramuka 18 yakan ci awa 4, tafiyar ƙasa ce ta kamar kilomita 7 ko 8, don haka wanda ya fara bayan asuba zai gama kafin azahar. Dattijo ya tsaya a ramuka 9, ba abin kunya ba ne.

Babbar riga ba ta buguwa, hannunta yakan naɗe sanda. Kulob-kulob suna son riga mai kwala da wando da takalmi mara tsini. Wannan yakan yi wa waɗansu masu sarauta nauyi, amma sarakunanmu masu wasan ƙwallon dawaki, irin marigayi Sarkin Katsina Usman Nagoggo, sun sa kayan wasa a fili, martabarsu kuwa ba ta ragu ba. Fadawa da maroƙa su tsaya a rumfar kulob, domin ana yin shiru sa'ad da mutum zai buga. Da damina, da an ji tsawa a bar fili nan take, gama sandunan ƙarfe ne. In an ce a sa kuɗi a kan wasa, hakimi ya ce a'a cikin fara'a.

Yaron da ke ɗaukar jaka, wanda ake kira kadi, a saurari shawararsa a kuma sallame shi da kyau. Ya san kowane tudu da kwari na filin, kuma da yawa daga gwanayen golf na Nijeriya daga ɗaukar jaka suka fara.

In an nemi fili a ƙasarku

Yana yiwuwa wata rana waɗansu su zo wa hakimi da takarda suna neman wurin yin filin golf. A san cewa fili mai ramuka 18 yakan ci hekta 50 ko fiye, watau gonakin gandu masu yawa, in kuma na ciyawa ne zai sha ruwa kowace rana har cikin bazara. A ƙasa irin tamu, inda rikicin gona da makiyaya ya riga ya ci rayuka, bai kamata a taɓa burtali ko mashaya ko fadama saboda wasa ba. A duba fako ko tsandauri wanda ba a nomawa, a fara da ramuka 9 na yashi. Malam ya rubuta iyakokin wurin da sunayen masu gonakin da ke maƙwabtaka da shi, a ji ta bakin dagatai da arɗo, sa'an nan a miƙa takardar ga majalisar masarauta da ofishin filaye kafin a kafa turke ko ɗaya.