Asibitin Yaran Da Ya Koma Kango A Berlin

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau zan kai ku Jamus ne, unguwar Weissensee da ke arewa maso gabashin Berlin. A kan titin Hansastrasse akwai wani tsohon gini da bishiyoyi suka kewaye. Tagogi sun farfashe, rufi ya rufta a wurare da yawa, bango kuwa duk zanen fenti. Matasan garin suna ce masa "Asibitin Zombi", wato asibitin gawarwaki masu tafiya. To amma ba gidan fatalwa aka gina ba, asibitin jarirai da ƙananan yara ne.

An fara ginin a 1909, aka buɗe shi a watan Yulin 1911. Wanda ya zana shi sunansa Carl James Bühring. Shi ne asibitin yara na farko da hukumar gari ta gina da kanta a duk ƙasar Prussia. Me ya sa suka damu haka? Saboda a wancan zamani, kusan jariri 1 cikin 5 a Jamus ba ya cika shekara guda a duniya. Babban abin da ke kashe su shi ne gudawa, musamman lokacin zafi, idan madara ta lalace kafin ta iso gida.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne maganin da suka samo: shanu. E, shanu dai! An yi wa asibitin garkensa a cikin harabar, da wurin tatsa da sarrafa madara. Kun ga ke nan madara ba ta yin doguwar tafiya, daga saniya sai ɗakin jarirai, kuma likitoci na sa ido kan tsabtarta.

Asibitin ya tsallake yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Da aka raba Jamus, sai ya faɗa ɓangaren Gabas, har ma aka ƙara masa sabon gini a 1987. Bayan haɗewar ƙasar a 1990, aka shiga rage asibitoci don tsuke kashe kuɗi. A farkon 1997 aka rufe shi, bayan shekara 85 yana aiki.

Daga nan labari ya canza. A 2005 aka sayar wa wani kamfani da ya yi alkawarin buɗe cibiyar maganin ciwon daji. Ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Ɓarayi suka kwashe ƙarafa da wayoyin wuta, ruwan sama ya shiga, gobara ta yi ta tashi. Sai da Berlin ta je kotu kafin ta karɓe kayanta, daga baya aka fara maganar mayar da wurin makaranta.

To su waye ke shiga? Akwai masu sha'awar yawon kangaye, su shiga da kyamara su ɗauki hoto su watsa a YouTube da Instagram. Ƙa'idarsu ita ce kada ka ɗauki komai, kada ka fasa komai. Sai dai gaskiya, hoton yana ɓoye haɗarin. Benen da gobara ta ci zai iya ruftawa da mutum, ga gilashi da ƙusoshi a ƙasa, ga duhu. Kuma tsallaka shinge ka shiga laifi ne a dokar Jamus.

Ni abin da ke taɓa ni shi ne sunan nan na zombi. Har yau akwai tsofaffi a Berlin da aka yi jinyarsu a ɗakunan nan suna jarirai, akwai ma'aikatan jinya da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ciki. Ba bam ne ya rusa ginin ba, sakaci ne na shekara da shekaru.

Ku fa, akwai wani tsohon gini a garinku da aka bari yana lalacewa? Wa ya gina shi, don me? Ku tambayi kakanninku, ku rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.