Ɗaɗɗoya: Amfaninta Yana Cikin Manta

Ba manomin da bai san ɗaɗɗoya ba. Tana fita a bayan gida da gefen lambu, mata na sa ta a miya, wasu kuwa na ajiye ta a ɗaki don korar sauro. To, ƙanshin nan da ke tashi in an murje ganyen daga wani mai yake fitowa, wanda ke cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna a jikin ganyen.

Da tururi ake fid da man. A zuba ganye a tukunya, tururi ya ratsa shi ya kwashe man, ya bi ta bututun da ke cikin ruwan sanyi, sa'an nan a raba mai da ruwa. Abin kuwa kaɗan ne: ɗanyen ganye kilo 100 da ƙyar ya ba da kilo 1.

Ɗaɗɗoya iri-iri ce, manta ma haka. Babbar nan mai faɗin ganye ta ƙasashenmu kashi biyu ce. Wata sinadarin yujinol ya fi yawa a cikinta, watau abin da ke ba kanumfari ƙanshinsa, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna aiki da shi. Wata kuwa taimol ne ya rinjaya. Wadda ake nomawa a Masar don sayarwa Turai, linalol ne babban sinadarinta. Mai saye yana duba abin da ke cikin man kafin ya yanka kuɗi, saboda haka ɗan kasuwar da ya gauraya iri da iri ya rage wa kayansa daraja.

Masana sun gwada man a ɗakin bincike, sun ga yana hana waɗansu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har da masu kawo maruru da masu kawo zawo. Yujinol da taimol su ne suka fi ƙarfi wajen wannan aiki, don suna lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar cutar, abin cikinta ya tsiyaye.

Amma fa a lura, faranti a ɗakin bincike daban, cikin mutum daban. Tsantsar man tana ƙona fata, ba a kuwa shan ta. Yaron da zawo ya kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti. Jiran ganye ya yi aiki yana iya jawo asarar rai.

Ga manomi kuma, man nan mai saurin tashi ne. A yanki ganyen lokacin da ta fara fure, da safe bayan raɓa ta bushe, a shanya a inuwa inda iska ke shiga, a adana a mazubi mai murfi. Wanda ya baza ta a rana tsaka, ƙanshin zai bi iska, kuɗinsa ma haka.