Gaisuwar ɓoye: yadda wasan Fallout ke tunawa da finafinan da suka haife shi

Matashin da ke zaune a fada a Tama ko Buza, salula a hannu, shayi na tafasa a gefe, idan ya ci karo da wasan Fallout zai ga duniyar da yaƙin nukiliya ya mayar kufai. Abin da ba lallai ya lura da shi ba shi ne gaisuwar da masu haɗa wasan suka ɓoye wa finafinan da suka koya daga gare su.

Kamfanin Interplay na Amurka ya fitar da wasan a 1997. Labarin ya fara ne da ruwa: na'urar tace ruwan mafakar ƙarƙashin ƙasa mai lamba 13 ta lalace, an ba ɗan wasa kwana 150 ya nemo wata. Mutumin Adar da ya ga farin 1984 ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tashin hankali.

A garin Junktown akwai wani kare, Dogmeat, da ya tsare ƙofar wani gida ya hana kowa shiga. Idan ɗan wasa ya zo sanye da baƙar rigar fata, sai karen ya bi shi, don ya ɗauka maigidansa ne da ya mutu. Rigar hannu ɗaya gare ta, irin wadda Mel Gibson ya sa a Mad Max 2, fim ɗin George Miller na 1981, inda jarumin ke yawo a hamadar Ostareliya da karensa. Ba a ambaci sunan fim ɗin ba. Wanda ya kalla zai gane nan take, wanda bai kalla ba kuma ya samu kare mai taya shi faɗa.

A Fallout: New Vegas na 2010 kuwa, ana iya tarar da firji yashe a daji, da ƙwarangwal da hula a ciki. Martani ne ga fim ɗin Indiana Jones na 2008, wanda jaruminsa ya shige firji ya tsira daga bam ɗin nukiliya.

Wannan ɗabi'a ta yi kama da ta makaɗin da ke ambaton wanda ya koya masa kiɗa a tsakiyar waƙa, sannan ya ci gaba da tasa. Nan ne ta bambanta da wankiyar da aka daɗe ana zargin wasu finafinan Kannywood da yi wa na Indiya, inda ake kwashe labari ɗungurungum a sauya sunaye kawai. Masu Fallout sun ari riga da kare, amma labarin da duniyar nasu ne. Masu shirya finafinai da matasan da ke koyon haɗa wasanni a Yamai, Maraɗi da Kano ya dace su bi wannan hanya.